Kawu Sale, Telan Littattafan Waya

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Sale da ke bayan tashar Birnin Kudu ya san ba a gama gaisawa da shi. Kana cikin "ina gajiya, ina iyali," idonsa yana kan aljihunka. Kafin ka kai ga "ya muka ji da zafi" har ya miƙo hannu.

"Kawo ta mu gani."

Wayarka yake nufi. Sai ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, wannan ruwan ɗorawar da lambobinsa suka koɗe, ya ɗora a kan gilashin wayar tsaye da kwance, yana motsa baki kamar mai auna kafaɗar ango. Sannan ya ɗago ya dube ka da tausayi ya ce, "Ƙirjinta ƙarami ne, amma za mu san yadda za mu yi." Sai bayan nan yake tunawa bai tambayi lafiyar gidanka ba.

Ni Habu ne, ɗan yayarsa, direban bas a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Ku da kuka san shi kun san tela ne tun tasowarsa, kuma kun san a ƙarshe ya koma ɗinka wa wayoyi littafi. Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne dalili, don haka bari in fara daga nan.

A shekarun da wayoyi masu maɓalli suka cika gari, wani ɗalibi ya kawo masa ɗinkin sallah. Yana zaune a benci yana jira, yana danna waya yana dariya shi kaɗai. Kawu ya tsayar da keke.

"Kai, lafiya kake?"

"Littafi nake karantawa, Baba."

"Ina littafin?"

"Yana ciki."

Kawu ya karɓi wayar ya juya ta, ya buɗe murfin baya, ya cire batir, ya leƙa ƙarƙashinsa, har da hurawa. Sannan ya yi tambayar da ta zama tasa har ya bar duniya: "To ta ina ya shiga?" Ɗalibin nan, bawan Allah, bai samu rigarsa ranar ba, don sai da Kawu ya tsare shi da tambaya har aka kira la'asar.

Amma abin da ya kama zuciyarsa daban ne. Da na zo ɗaukar saƙo ya ja ni gefe, ya ce, "Habu, na ga rubutu mai fitilarsa a ciki. Haske daga bayan baƙaƙen yake fitowa. Ka san wa na tuna?"

Na sani. Mahaifiyata, wadda shi yake ce wa Yaya, mu kuma Inna, tana ƙauyen Kwandiko. Ita ce ta gaji takardun mahaifinsu, wata doguwar waƙar bege da shi Malam, mahaifin nasu, ya tsara ya rubuta da hannunsa da ajami. Tun ina yaro, kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma ta buɗe su, matan maƙwabta su zo da tsintar wake su zauna suna saurare. Sai idonta ya fara hazo. Mun kai ta Kano, likita ya ce jijiya ce, ba yana ba ce balle a cire. Ta dawo ta naɗe takardun a zane ta ɗora a kan sif, matan suka daina zuwa, ita kuma ta yi shiru irin wanda ba mu saba ji a gidanmu ba.

Na ce, "Kawu, ai Inna ta haddace waƙar nan, ko a cikin barci sai ta kawo ta."

"Na faɗa mata haka," in ji shi. "Ta ce ba waƙar ta rasa ba, karatun ta rasa. Sai na mayar mata da shi."

Mako bai zagayo ba ya sayar da ɗaya daga cikin kekunansa biyu, ya tafi Kano, ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya a gaban motata, ya rungume ta tun daga tasha kamar mara lafiya. Matarsa Iya Talatu ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan akwatin zai ɗinka rigar sallah?"

"Ki dai kawo ƙyalle a rufe shi, ba ya son ƙura."

Ya koyi aikin a wurin yaran masu gyaran waya, ya ishe su da "ta ina ya shiga" har suka riƙa ɓuya idan suka hango tef ɗinsa. Ni ma dai sha'awar abin ta kama ni, don haka idan na sauke fasinja sai in zauna in yi kallo. Zai buga rubutun da yatsa ɗaya, yatsan da yake tura yadi da shi. Sai ya zuba shi a wata manhaja da ke dunƙule littafi ya zama ɗan ƙullin abu guda. A nan ake zaɓar girman gilashi, da girman baƙi, da launi. Daga nan a tura ta kebul ko a sa a memori, littafin ya je ya zauna a ɗakin da wasannin waya suke, kusa da wasan maciji. Ka danna, ya buɗe. Wallahi har yau abin yana ba ni mamaki.

Na ɗauka da ya iya zai wuce Kwandiko kai tsaye. Ina! Ya ce tela ba ya fara koyon yanka a kan shadda, sai ya lalata atamfa mai araha tukuna. Ashe mu mutanen gari mu ne atamfar. Ya karɓi labaran da malaman makaranta suke rubutawa a ɓoye suna jin kunyar nunawa, da tatsuniyoyin tsofaffi, da abin da malaman gona suke faɗa. Littafin da aka buga kuwa ba ya taɓawa sai ya nemo mai shi ya roƙi izini, wai ba ya yanka yadin da ba a kawo masa ba.

Kun tuna abin da ya faru da Alhaji Garba mai hatsi? Ya sayo wata ƙatuwar waya 'yar China mai lasifika huɗu, wadda idan ta yi ƙara har awaki sai sun watse. Yaron shagonsa ya tura masa littafi ta bulutut daga wata 'yar mitsitsiyar waya. Littafin ya buɗe, amma ya maƙale a kusurwa ɗaya can sama, sauran gilashin duk fili. Alhaji ya zo yana huci.

"Malam Sale, aikinka ya lalace!"

Kawu ya duba, ya girgiza kai. "Alhaji, aikina lafiyarsa ƙalau. Wa ya ba ka?"

"Yarona."

"To rigar yaronka ka saka. Da girmanka da rawaninka, ka ari rigar yaro ka fito kasuwa, sannan ka zo ka ce tela bai iya ba?"

Shago ya ɗauki dariya. Alhaji ya ce to a gyara masa yanzu-yanzu, motarsa na jira. Kawu ya ce sai an auna ido. Ya tsayar da Alhaji a bakin ƙofa, ya sa shi ya miƙe hannu da wayar, ya matso da ita, ya sake nisanta ta, yana tambaya, "Nan fa? Nan fa?" Alhaji ya rantse idonsa garau yake, ƙaramin baƙi yake so irin na 'yan boko. Kawu ya ce to, ya juya baya ya sa masa mafi girma. Bayan sallah Alhaji ya dawo yana yabo, wai bai taɓa ganin ƙaramin rubutu mai daɗin karatu irin wannan ba. Kawu ya ce, "Ai idonka ne mai kyau, Alhaji," bai ko yi murmushi ba.

Sai maganar ƙyalle. Kun san tela ba ya zubar da guntun yadi, kuma Kawu ya fi kowa. Idan ya sa wa waya littafi ya ga ɗan wuri ya rage a cikinta, sai hankalinsa ya tashi. Dole ya cike shi da wani abu, ko da bai haɗa hanya da labarin ba. Yana da tarin irin waɗannan guntaye a kwamfutar: yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari, addu'ar hawa abin hawa, yadda ake cire tabon manja. Wata malamar firamare ta zo har shago, idonta jawur. Ta ce tana ƙarshen wani labarin soyayya, masoyan sun rabu a tasha, tana kuka, ta danna don ta ga ko sun sake haɗuwa, sai ta ga an rubuta, "Maganin zawon akuya."

"Malam Sale, wannan wane irin wulaƙanci ne?"

"Malama, kina da akuya?"

"Ina da biyu."

"To masoyan nan ba ki da abin da za ki yi musu. Akuyar fa?"

Ƙananan wayoyi kuwa ba sa ɗaukar littafi gaba ɗaya, sai a yanka shi gida-gida. A nan mugun halin Kawu ya fito fili, don ba ya yankawa sai daidai inda aka ɗaga sanda ba a sauke ba. Ni ne na sha wahalar wannan. Mutanen Farin Dutse da na Fagam suka mayar da motata gidan waya: kowa ya ƙulle wayarsa a leda ya ba ni, a kai wa Tela ya cire kashi na biyu ya sa na uku. Wata rana tsakiyar damina, lokacin da ko gaisuwar mutuwa a tsaye ake yi saboda noma, sai ga Malam Ɗanjuma na Fagam ya diro daga motata da taɓo har gwiwa. Ya ƙi ba ni wayar, ya ce da bakinsa zai yi magana.

"Sale, ka ji tsoron Allah! Mutum ya faɗa rijiya, igiya ta tsinke, sai ka rubuta wai a nemi kashi na gaba? Na bar ciyawa tana cin gerona saboda kai. Ka faɗa mini kawai, ya fito ko bai fito ba?"

Kawu ya ci gaba da goge gilashin wayar da gefen rigarsa. "Malam Ɗanjuma, ni ɗinki nake yi, ba na ba da labari."

"Ai kai ka buga shi, ka sani!"

"Na sani. Ka zauna, yanzu zan sa maka."

Ya zauna a benci ya karanta nan take, bai ko sha ruwa ba. Can sai muka ji ya ce, "Alhamdulillahi, ya fito." Ya miƙe zai tafi ya ƙara danna maɓalli sau ɗaya, sai ya tsaya cak. A ƙarshen kashin an jefa ƙanin mutumin a wata rijiyar. Abin da ya faɗa wa Kawu ranar ba zan maimaita shi ba, akwai manya a cikin masu karanta wannan.

Duk ana wannan dariya ni zuciyata tana Kwandiko, don duk zuwan da zan yi sai in tarar Inna ta ƙara yin shiru. Na fara jin haushinsa. Na ce, "Kawu, ka sa wa duk garin nan littafi, har da masu akuya. Inna fa?" Sai ya nuna mini abin da ya hana shi barci. Wayoyin ba su san ajami ba. Idan ya buga, wani lokaci baƙaƙen su fito a wawwatse babu wasali, wani lokaci su zama 'yan akwatuna a jere. Ya gwada duk dabarar yaran gyara, ba ta yi ba.

Mafita daga wurinsa ta fito. Ya ce idan waya ba ta iya karanta ajami ba, ai ta iya nuna hoto. Ya samo farin kwali ya rubuta baitocin da babban alƙalami, ya ɗauki hotonsu, ya dunƙule su suka zama littafi. Ya sayi waya mai faɗin gilashi, ya ɗinka mata jaka da guntun shadda, muka kama hanya yana riƙe da ita a cinya.

Inna ta karɓa, ta kai kusa da fuska. Muka ga idonta yana bin layi. Sai ta miƙo masa abarsa.

"Na gani. Amma wannan ba hannun Malam ba ne. Naka ne, kuma tun kana yaro rubutunka a karkace yake."

"Yaya, ai kalmomin ɗaya ne."

"Ka ji na ce ba ɗaya ba ne?"

Da ni ne da na yi zuciya. Shi kuwa sai idonsa ya yi ƙyalli, ya ce, "Ashe hannun ma ana karantawa? Ikon Allah!" Ya roƙe ta takardun, ta ce ko ƙofar gida ba za su tsallaka ba. Sai ya aro kyamara a wurin mai hoton biki, muka dawo, ya shimfiɗa su a tsakar gida da hantsi ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ita tana tsaye a kansa da mafici tana korar kaji. Takardun sun yi ja, tawadar ta koɗe, don haka ya zauna a gaban kwamfuta yana wanke bayan yana ƙara wa baƙin duhu, yana yanka kowane layi daidai faɗin gilashi. Aikin ya cinye masa rani guda. Masu ɗinki suka gaji suka kwashe yadinsu, Iya Talatu ta daina yi masa magana sai ta bakin yara.

Da muka koma, matsala ta sake fitowa: farin hasken yana sa ta hawaye. Ya juya shi, baya ya zama baƙi, rubutu fari. Sai kuma ta kasa gane maɓallin da ake dannawa a wuce gaba. Nan take ya tsinke maɓallin wuyan rigarsa ya manna a kai da gam, yadda yatsa zai same shi ba sai an duba ba.

Ta danna. Sannan muka ji muryar nan da muka daɗe ba mu ji ba, a hankali da farko, tana bin hannun mahaifinta layi-layi. Kafin ta kai ƙarshen shafi na ga kan wata maƙwabciya ta saman katanga, sai ga ta ta shigo da faifan wakenta. Ni dai na fita waje na ce zan duba tayar mota, alhali lafiyarta ƙalau. Kuka na je na yi.

Da ta gama sai ta ƙara dannawa, ta juya wayar, ta ce, "Sale, ina maganin akuyar? An ce kowa kana sa masa."

"Ke ba a yi miki ƙyalle, Yaya."

Daga nan aikina ya zama ɗaukar batir: in kai mata mai caji, in dawo da wanda ya ƙare. Shi kuma duk zuwan da zai yi sai ya zare tef ya auna daga hancinta zuwa gilashin wayar, tana ture hannunsa tana cewa ya raba ta da shirme.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ana saura kaɗan ya kwanta gaba ɗaya ya sa na karɓo wayar Inna, ya riƙe ta kwana biyu, sannan ya kira ni ya buɗe ɗakin wasannin. Littafin da yake ɗaya ya zama uku. Ya sa musu suna: Bana, Baɗi, Baɗin Baɗaɗa.

"Ka san rigar yaro ana barin kalmasa mai faɗi a ƙasa, idan ya girma a warware," in ji shi. "Idon Yaya raguwa yake yi, na auna. Kowanne ya fi na gabansa girman baƙi. Idan ka ga wayar ta taɓa hancinta, ka buɗe mata na gaba."

Na ce, "Haba Kawu, ai kai za ka zo ka buɗe da kanka."

"Kai dai ka riƙe abin da na faɗa maka. Kuma ka daina cika gudu a kwanar nan ta bayan gada."

Bai ga kakar shekarar ba. Kwamfutar ma ba ta daɗe bayansa ba, kuma yaran gyara na yanzu sun ce irin wannan littafin ba ya buɗuwa a sababbin wayoyi. Don haka waccan wayar ita ce dai, an ɗaure ta da roba, maɓallin rigarsa yana nan a manne har ya yi santsi.

Na buɗe mata Baɗi kamar yadda ya ce, ya kai ta fiye da shekarar da sunansa ya yi alkawari. Kwanakin baya na je na tarar gilashin yana gogar hancinta, tana ta ƙifta ido, matan suna zaune suna jira. Na karɓa na buɗe na ukun. Kalma ɗaya ce tak a kowane shafi, ta cika gilashin daga gefe zuwa gefe, da hannun Malam. Allah kaɗai ya san zaman da ya yi yana yanka su da ciwo a jikinsa.

Ta karanta kalmar farko, ta danna, ta karanta ta biyu. Sai ta tsaya.

"Habu, akwai wani bayan wannan?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. "Shi ne na ƙarshe, Inna."

Ta shafa maɓallin da babban yatsanta, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta gyara zama ta ce, "To, ya isa. Sale bai taɓa yanka mini riga ta yi mini kaɗan ba." Ta ci gaba da karatunta.

Allah, ga bawanka Sale nan ya zo maka, mai yawan tambaya, mai taurin kai, wanda ya mayar wa 'yar'uwarsa da karatunta. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci fiye da duk awon da ya taɓa yi, ka sa masa haske a ciki kamar yadda ya sa wa Inna. Ita kuma ka bar mata sauran ganinta har ta kai ƙarshen waƙar. Amin.